Teku, Iska da Dutse: Yanayin Birnin Bergen na Ƙasar Norwe

Gabatarwa

Abu ne sananne ga duk wanda ya zauna ajin labarin ƙasa cewa gwargwadon nisan wuri daga Ikwaita, gwargwadon tsananin sanyinsa. Wannan ƙa'ida tana da tushe mai ƙarfi, domin kuwa hasken rana yana sauka a miƙe a tsakiyar duniya, yana kuma sauka a karkace yayin da aka nausa arewa ko kudu. Amma akwai wuraren da suka saɓa mata ƙwarai, har wanda ya dogara da ita kaɗai ya yi mummunan kuskure. Ɗaya daga cikin waɗannan wurare shi ne birnin Bergen, wanda yake bakin teku a yammacin ƙasar Norwe.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda abubuwa uku, watau teku da iska da dutse, suka haɗu suka samar da yanayin wannan birni. Za a kuma duba yadda yanayin ya shafi rayuwar mutanensa, da yadda su mutanen suka mayar da shi abin nazari har duniya duka ta amfana. Tun da farko ya kamata a rarrabe abubuwa biyu. Halin gari shi ne abin da sararin sama ya yi yau ko zai yi gobe: ruwa, ko rana, ko hazo. Yanayi kuwa shi ne jimillar halin gari na shekaru masu yawa, kuma masana sun saba ɗaukar shekaru 30 su fitar da matsakaicinsu.

Matsayin Birnin

Bergen tana kan digiri 60 arewa da Ikwaita. Don a gane nisan, sai a tuna cewa Kano tana kan digiri 12, Landan kuwa tana wajen digiri 51 da rabi. Ita ce birni na biyu a girma a Norwe, bayan Oslo, tana da mutane kimanin 290,000. Tarihi ya nuna Sarki Olav Kyrre ne ya kafa ta wajen shekarar 1070. Ta yamma akwai tsibirai da suka kare ta daga raƙuman ruwan teku, ta sauran sassan kuwa duwatsu ne suka kewaye ta, shi ya sa ake yi mata kirari da birni a tsakiyar duwatsu bakwai. Mafi tsawonsu shi ne Ulriken, mai mita 643.

Nisanta daga Ikwaita ya fi bayyana a tsawon yini. A ƙarshen watan Yuni rana takan yi kusan awa 19 ba ta faɗi ba, a ƙarshen Disamba kuwa yinin ba ya cika awa 6. Dalili shi ne karkatar da duniya ta yi, ta digiri 23 da rabi, a tafiyarta ta kewaya rana. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa, inda bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba, zai zaci cewa wurin da rana take yin wannan rowa a lokacin sanyi, lalle ƙanƙara ce za ta binne shi. Ƙididdiga ta nuna ba haka abin yake ba.

A watan Janairu, wanda yake cikin watanni mafi sanyi, matsakaicin ma'aunin zafi a Bergen yana tsakanin digiri 2 da 3 na santigireti, watau bai kai inda ruwa yake daskarewa ba. Birnin San Fitasbag na Rasha yana kusan kan layi ɗaya da Bergen, amma matsakaicinsa a Janairu wajen digiri 5 ne ƙasa da sifiri, kuma sai an sa jiragen fasa ƙanƙara kafin a shiga tasharsa. A Yakutsk, can cikin Saiberiya, kan digiri 62, matsakaicin Janairu ya zarce digiri 35 ƙasa da sifiri. Tashar jiragen ruwan Bergen kuwa a buɗe take shekara duka. Haka nan lokacin zafinta ba shi da tsanani, don matsakaicin Yuli wajen digiri 15 ne ko 16, kusan abin da mutumin Kano yake ji da sassafe a tsakiyar hunturu.

Aikin Teku

Dalili na farko na wannan sassauci shi ne teku. Ruwa yana da jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma da jinkirin sakinsa. Kowa ya ga misalin wannan: yashin da ya ƙona ƙafa da azahar yakan huce kafin isha'i, amma ruwan da aka bari a rana cikin randa yakan riƙe ɗuminsa har dare ya yi nisa. Masana sun lissafa cewa zafin da mita uku na saman teku za su iya riƙewa ya kai wanda dukkan iskar da take bisa kansu za ta iya riƙewa. Saboda haka Tekun Atlantika tamkar rumbu ne, yana tara zafi a lokacin da rana take da ƙarfi, sa'an nan ya riƙa sakinsa sannu a hankali a lokacin sanyi.

Daɗin daɗawa, ruwan da yake wanke gaɓar Norwe ba na nan ba ne asali. Akwai wata babbar magudanar ruwan ɗumi a cikin teku, kamar kogi marar gaɓa, wadda take tasowa daga wajen Mashigin Tekun Meksiko, ta bi gabashin Amurka, sa'an nan ta ratsa Atlantika ta nufi arewa maso gabas. Ita ce Turawa suke kira Galf Sitirim. Wani reshe nata yana bi ta tsakanin Sikotlan da Aislan, ya hau gefen Norwe har zuwa ƙuryar arewa. Shi ne ya hana ƙanƙara rufe tashoshin ƙasar, har waɗanda suke kan digiri 70.

An daɗe ana jingina dukkan sassaucin sanyin yammacin Turai ga wannan magudana. A shekarar 2002 wani masani mai suna Richard Seager tare da abokan aikinsa suka buga nazarin da ya nuna cewa zafin da teku yake tarawa a wurin, da kuma yadda iska take kaɗawa, sun fi magudanar tasiri a yawancin yammacin Turai. Har yanzu masana suna tattauna rabon kowane ɗaya. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, ɗumin teku ba zai amfani tudu ba sai an sami mai ɗauko shi ya kawo, mai ɗaukowar kuwa ita ce iska.

Aikin Iska

A tsakanin digiri 40 da 60, iskar da ta fi yawan kaɗawa daga yamma take zuwa. Wannan ya faru ne saboda bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryoyinta, tare da juyawar da duniya take yi. Ma'anar wannan ita ce, iskar da take isa Bergen ta riga ta yi tafiyar dubban kilomita a kan ruwa, ta ɗauki ɗuminsa da danshinsa. Ita kuwa iskar da take isa gabashin Kanada, a ɗaya gefen tekun, ta ratso busasshiyar ƙasa ce mai ƙanƙara. Shi ya sa gaɓar Labrado take daskarewa, ko da yake wani sashenta ya fi Bergen kusa da Ikwaita.

Iskar yamma ba ta zuwa salin-alin. A kan Atlantika ta arewa, iska mai ɗumi daga kudu tana karo da iska mai sanyi daga ƙuryar arewa, kuma a wurin karon ne ake samun manyan guguwowi masu faɗin ɗaruruwan kilomita, waɗanda nauyin iska yake raguwa a tsakiyarsu. Suna tafiya gabas ɗaya bayan ɗaya kamar ayari, kowacce da nata hadarin. Ƙarfinsu ya danganta da bambancin nauyin iska tsakanin yankin Aislan, inda yake da ƙaranci, da yankin tsibiran Azores, inda yake da yawa. In bambancin ya yi girma, sai Bergen ta sami lokacin sanyi mai ɗumi da ruwa da iska. In ya ragu, sai iskar yamma ta yi rauni, busasshen sanyi ya shigo daga gabas, kamar yadda ya faru a ƙarshen 2009 da farkon 2010.

Aikin Dutse

Abu na uku shi ne dutse, kuma shi ne ya sa sunan Bergen ya tafi da ruwan sama. Iskar da ta taso daga teku cike da danshi, da zarar ta iso gaɓa sai ta tarar da duwatsu sun tare ta, ba ta da hanya sai ta hau. Duk iskar da ta hau sama kuwa hucewa take yi, kimanin digiri 6 a kowace kilomita idan akwai gajimare a cikinta. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururi kamar mai ɗumi, don haka sai tururin ya koma ɗigon ruwa ya zubo.

Matsakaicin ruwan da yake sauka a Bergen a shekara ya kai milimita 2,250 bisa ƙididdigar 1961 zuwa 1990, kuma ya kusa 2,500 bisa ta 1991 zuwa 2020. Wannan ya kusa ninki uku na abin da Kano take samu. Amma bambancin da ya fi muhimmanci yana wajen rabon ruwan. Daminar ƙasar Hausa wata huɗu ce ko biyar, ruwan kuma yakan zo da tsawa, ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, rana ta fito. A Bergen babu watan da ba a ruwa. Akan sami ruwa a kwanaki wajen 200 a shekara ko fiye, yawancinsa yayyafi da mamako. Watannin Afrilu da Mayu da Yuni su ne masu sauƙi, daga Satumba zuwa Disamba kuwa abin yakan tsananta. Daga ranar 29 ga Oktoba 2006 zuwa 21 ga Janairu 2007, kwana 85 a jere, babu ranar da ba a auna ruwa a birnin ba.

Shaidar aikin dutse tana bayyana idan aka bi iskar har ta tsallaka. A Brekke, arewa da Bergen, inda iskar take cin karo da duwatsu sosai, an auna milimita 5,596 a shekarar 1990 kaɗai. Jirgin ƙasan da yake tafiya daga Bergen zuwa Oslo, wanda aka buɗe hanyarsa a 1909, yana hawa har mita 1,222 a tashar Finse, inda ruwan yake zuba a matsayin dusar ƙanƙara wata da watanni. Kafin iskar ta gangara ɗaya gefen ta riga ta zubar da yawancin kayanta. Oslo, wadda take wajen kilomita 300 daga Bergen a miƙe, tana samun wajen milimita 800 ne kawai. Akwai ma wani kwari mai suna Skjåk da duwatsu suka rufe, wanda ruwansa na shekara wajen milimita 300 ne, watau ƙasa da abin da Damagaram take samu a shekara mai matsakaicin damina. Manoman wurin sun daɗe suna gina magudanai daga kan duwatsu don ban ruwa.

Yanayi da Rayuwar Jama'a

Arzikin Bergen na farko daga yanayi ya fito. Can arewa, a tsibiran Lofoten, akan kama kifin kod a ƙarshen lokacin sanyi, a rataye shi a kan itatuwa har iska ta busar da shi ba tare da gishiri ba. Sanyin wurin ya isa ya hana ƙuda da ruɓa, amma bai yi tsananin da zai ɓata naman ba. Daga nan akan kawo shi Bergen, tashar da ƙanƙara ba ta rufewa. Fataken Jamus na ƙungiyar Hansa sun kafa ofishinsu a unguwar Bryggen a tsakiyar ƙarni na 14, suna sayen kifin suna kawo hatsi, kuma ofishin ya ɗore har 1754. A 1979 Hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. Wannan busasshen kifi shi ne wanda ake gani a kasuwannin Nijeriya, wadda take cikin manyan masu sayensa daga Norwe. Haka kuma ruwan da duwatsun suke tarawa shi ne tushen wutar lantarkin ƙasar, don kusan kashi 90 cikin 100 na wutar daga ƙarfin ruwa ake samunta.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Gidajen tsohon birnin na katako ne, iska kuma tana da ƙarfi, saboda haka duk da yawan ruwa gobara ta sha cinye shi. Ta 1702 ta ƙone mafi yawan birnin, ta watan Janairun 1916 kuwa ta tashi ana cikin guguwa, ta share babban sashe na tsakiyar gari. A ranar 14 ga Satumba 2005 ragowar wasu guguwowi biyu daga yankin zafi suka iso, aka zubar da ruwa fiye da milimita 150 cikin awa 24, ƙasa ta zaftaro daga kan dutse a unguwar Hatlestad ta hallaka mutum uku. Har rashin iska ma yana da tasa illa. A kwanakin sanyi da gari ya yi tsit, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasan kwarin, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya, hayaƙin motoci da na murhu ya rasa mafita. Haka ya faru a Janairun 2010, har hukumar birnin ta taƙaita zirga-zirgar motoci.

Makarantar Bergen

Babbar gudummawar da birnin ya bai wa duniya ita ce ta ilmin hasashen halin gari. A shekarar 1904 wani masanin Norwe, Vilhelm Bjerknes, wanda ya rayu daga 1862 zuwa 1951, ya bayyana cewa in an san halin da iska take ciki a yanzu, aka kuma yi aiki da dokokin kimiyyar motsi da zafi, to ana iya lissafa halin da za ta shiga gobe. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya baro Laifzig ta Jamus ya koma Bergen, inda aka buɗe cibiyar nazarin ƙasa da teku da sararin sama.

Lokacin kuwa yaƙi ya jawo ƙarancin abinci a Norwe, ya kuma katse rahotannin halin gari da ake samu daga waje. Manoma da masunta suna bukatar gargaɗi. Sai Bjerknes ya shawo kan gwamnati aka ƙara yawan tashoshin awo a gaɓar yamma ninki da yawa, aka kuma fara ba da hasashe a 1918. Da rahotanni suka yawaita, sai matasan da suke aiki da shi, watau ɗansa Jacob Bjerknes, da Halvor Solberg, da Tor Bergeron mutumin Suwidin, suka ga abin da ba a gani da can. Suka gane cewa iska tana tafiya ne runduna-runduna, kowace da nata zafi da danshi, kuma ruwa da guguwa suna faruwa a kan layin da runduna biyu suka yi karo. Suka ari kalmar soja suka kira layin bakin daga. A 1919 Jacob ya bayyana tsarin guguwa mai tafiya, a 1922 kuma shi da Solberg suka bayyana rayuwarta tun daga haihuwa har mutuwa. Layukan ja da shuɗi da ake gani a taswirar hasashe a talabijin daga wannan aiki suka samo asali.

Wannan tunani ya iso Afirka ta Yamma. Masanan da suka fara nazarin daminarmu sun ari ra'ayin bakin daga don bayyana layin da busasshiyar iskar hunturu take haɗuwa da iska mai danshi daga teku, layin da yake hawa arewa har wajen digiri 20 a watan Agusta, ya koma kusa da gaɓar teku a Janairu. Daga baya aka lura cewa namu ya bambanta da na Turai, domin bambancin iskokin biyu ya fi ƙarfi ta wajen danshi, kuma ruwan yana sauka ne ɗaruruwan kilomita kudu da layin. Duk da haka, hanyar duban abin daga Bergen aka gado ta.

Sauyin Yanayi

Ƙididdigar birnin tana nuna sauyi. An riga an ga ƙarin ruwa tsakanin ƙididdigar shekaru talatin-talatin guda biyu da aka ambata. Wannan ya yi daidai da dokar kimiyya, don duk digiri ɗaya da zafin iska ya ƙaru, takan iya riƙe ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100. A ranar 26 ga Yuli 2019 ma'auni ya kai digiri 33.4, zafin da ba a taɓa aunawa a birnin ba kafin ranar. Unguwar Bryggen kuwa, wadda take daf da ruwa, teku yakan shige ta idan cikarsa ta haɗu da guguwa, kuma hauhawar teku za ta ƙara yawan hakan. Akwai kuma batun magudanar ruwan ɗumi. Rahoton kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce ga dukkan alamu tsarin kewayar ruwan Atlantika zai yi rauni cikin wannan ƙarni. Ga birnin da ɗuminsa yake zuwa daga teku, wannan magana ce mai nauyi, kuma cibiyar nazarin yanayi mai ɗauke da sunan Bjerknes, wadda aka kafa a Bergen a 2000, tana cikin masu bin diddiginta.

Kammalawa

A taƙaice, nisa daga Ikwaita shi ne yake ƙayyade rabon wuri na hasken rana, amma abin da wurin zai ji na zafi da sanyi da ruwa ya danganta da maƙwabtansa: teku ne ko tudu, daga ina iska take zuwa, mene ne kuma ya tare ta. A Bergen teku ya tara zafi, iskar yamma ta ɗauko shi, dutse kuma ya tatse danshin.

Akwai abin lura a nan ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati. Duk alƙaluman da aka kawo a wannan maƙala sun samu ne saboda wasu mutane sun riƙa duba ma'aunin ruwa da na zafi kowace safiya, suna rubutawa, shekara da shekaru, hukuma kuma ta adana abin da suka rubuta. Masanan Bergen ba su ga bakin daga ba sai da aka yawaita tashoshin awo. Ƙasar da abincinta ya rataya ga damina ta wata huɗu ta fi Norwe bukatar irin wannan haƙuri, domin littafin awon ruwa da aka bari gara ta ci a ɗakin ajiya na ƙaramar hukuma ba shi da madadi, ruwan bara kuwa ba ya dawowa a sake auna shi.